Kafin Jirgin Cikin Ɗaki Ya Tashi

Duk wanda ya taɓa kwana a tashar manyan motoci ya san cewa tafiya takan fara tun kafin direba ya murɗa makulli. Tun da jijjifi yaron mota ya riga ya duba ruwa a lagireto, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya yana bugunsu da ƙarfe yana kasa kunne, sa'an nan daga ƙarshe ya janye waigi. Fasinja ba ruwansa da wannan, shi dai a kai shi gida. Amma direbobin da suka tsufa a kan hanya za su gaya maka cewa, bayan ikon Allah, mafi yawan abin da ke kai mota Kano daga Ikko lafiya a cikin wannan rabin sa'a ta farko ake yinsa. Hausawa ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na kawo wannan ne, jama'a, domin ina so mu yi magana a kan wani jirgin sama wanda bai taɓa barin cikin ɗaki ba, watau manhajar nan ta kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgi. Waɗanda suka taɓa ganinta sukan ba da labarin tashi da sauka da yadda ake hango gari daga bisa. Ni kuwa abin da ya ɗauke mini hankali shi ne abin da ake yi kafin a kai ga wannan duka, watau shafin da ake zaɓar jirgi da filin tashi da lokaci da iska, da ɗan fayil ɗin da ake rubuta waɗannan abubuwa a ciki. A nan ne ake yanke hukunci ko na'urar za ta zama malami ko kuwa maroƙi.

Abin yana da tarihi. A shekarar 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar ƙera piyano da ogan, ya ɗebi zugazugai da bututu irin na kayan kiɗan nan ya haɗa wani akwati mai kama da ɗan ƙaramin jirgi, wanda yakan karkata hagu da dama, ya duƙa, ya ɗaga kai, gwargwadon yadda na ciki ya juya sanda. Da fari ba wanda ya kula shi sai masu wuraren wasa. Sai a 1934, sa'ad da aka ɗora wa sojan saman Amurka aikin kai wasiƙu, matuƙa suka yi ta faɗuwa cikin dare da hazo, sa'an nan hukuma ta sayi guda shida. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000. Ɗalibi yakan shiga a rufe shi ruf, ba ya ganin kome sai agogunan da ke gabansa. Malami kuwa yana zaune a waje bakin tebur, shi ke sako iska daga inda ya so, shi ke girgiza akwatin in ya ga dama, yana kuma duban wani ɗan ƙarfe mai rarrafe bisa taswira yana zana hanyar da ɗalibin ya bi. Ka ga ke nan tun ran gini tun ran zane akalar yanayi a hannun malami take, ɗalibi ba shi da ta cewa.

Yau abin ya shigo gida, kuma da shigowarsa teburin malami da kujerar ɗalibi suka koma wuri guda. Mai koyo shi ke zaɓar wa kansa jarrabawa. To, wane ɗalibi ne za a miƙa wa alƙalami a ce ya rubuta tambayoyin da za a yi masa, ya zauna ya rubuta masu wuya?

Yadda aka yi na tsunduma cikin wannan sha'ani kuwa shi ne, yayana manomi ne, yana da ɗa wanda ya gama sakandare, kuma tun yana ƙarami ba shi da zance sai na jirgi. So yake a kai shi kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Kuɗin wannan karatu kowa ya san miliyoyin naira ne, a gidanmu kuwa ba inda za su fito sai an sayar da gonar fadama wadda muka gada. Da yaron ya zo wurina Ikko, sai yayana ya bugo mini waya ya ce, "Kai ne ɗan boko. Ga shi nan na turo maka, an ce kullum yana kan kwamfuta yana tuƙa jirgi. Ka duba mini, da gaske yake ko kuwa wasan yara ne? Kada mu rabu da gona a kan banza." Ni ɗan jarida ne, ban taɓa riƙe sitiyarin jirgi ba. Abin da na iya shi ne karatun takarda da bin diddigi, saboda haka na nemi littafin manhajar da littafin da kamfanin jirgin ya buga domin matuƙa, na yi mako biyu ina fama da su kowane dare bayan na taso daga aiki.

Manhajar da yaron ke amfani da ita sunanta FlightGear. Waɗansu masu sha'awar jirgi ne suka fara haɗa ta a 1997, jagoransu wani mai suna Curtis Olson, kuma har yau kyauta take, kowa yana da izinin ya ɗauka, ya buɗe cikinta, ya gyara in ya iya. Wannan buɗewa ita ce ta sa kusan kowane abu a cikinta ana iya sauya shi tun kafin a tashe ta. In kuwa mutum bai sauya kome ba, to, ya yarda ke nan da zaɓin da waɗansu suka yi masa. Shekara da shekaru, duk wanda ya tashe ta ba tare da ya faɗi inda yake so ba, a San Faransisko ta Amurka takan ajiye shi, kuma da yake agogonta na bin agogon gaskiya ne, sai mutumin Nijeriya ya kunna da ƙarfe 10 na safe ya tarar da duhu ƙirin, domin can ƙarfe 1 ko 2 ne na dare. Daga 2016 suka riƙa sauya filin farawa daga fitowa zuwa fitowa. Wadda ke hannunmu, fitowar 2020, a Keflavik ta ƙasar Aisilan take ajiye mutum, inda a watan Disamba rana ba ta cika sa'a biyar a sama. Jirgin da take ba ka shi ne Cessna 172, mai kujera huɗu da farfela ɗaya, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000, watau ba jirgin da ya kai shi yawa a duniya. A kan jirgin ba ni da ja, domin irinsa ake koyo da shi ko'ina. Amma me ya haɗa ɗan manomin fadama da ƙanƙarar Aisilan?

Gyaran wannan layi ɗaya ne. Kowane filin jirgi a duniya yana da suna na haruffa huɗu wanda matuƙa suka san shi da shi, dabam da haruffa ukun da ake bugawa a tikiti. Na Nijeriya duk da DN suke farawa: Kano DNKN, Ikko DNMM, Zariya DNZA. In ka rubuta --airport=DNKN sai ta kai ka filin Malam Aminu Kano. Sai dai akwai wani abin dariya. Manhajar ba ta zuwa da ƙasar duniya duka a cikinta, domin nauyin ya yi yawa, sai ɗan yankin filin farawa kaɗai. Wanda ya nemi Kano bai sauko da ƙasar Kano daga intanet ba, sai ya tarar da jirginsa zaune a tsakiyar teku, ruwa gabas, ruwa yamma, ba Dala ba Gwauron Dutse. Akwai wani ɓangare nata mai suna TerraSync wanda ke sauko da ƙasa sannu a hankali yayin da kake tafe, amma mai sayen data da kuɗin aljihunsa gara ya sauko da yankinsa sau ɗaya ya rufe wannan ƙofa. Tudu da kwarin da za ka gani na gaskiya ne, an samo yawancinsu daga awon da wani kumbon Amurka ya yi wa doron ƙasa a Fabrairun 2000. Gine-ginen filayen jirgi kuwa 'yan sa kai ke zanawa, kowa kuma garinsu yake zanawa, shi ya sa filayen Turai suka sha ado namu suka zauna fayau. Wannan ba laifin kowa ba ne sai rashin namu masu zanen.

Hanyar ba ta umurni iri biyu ce. Akwai allon farawa mai maɓallai, inda za ka yi ta zaɓe da linzamin kwamfuta, akwai kuma tsohuwar hanya, watau fayil ɗin rubutu da ake kira fgfsrc, inda kowane umurni ke da layinsa, manhajar kuma takan karanta shi duk sa'ad da aka tashe ta. Abin da aka rubuta mata a daidai lokacin tashi yakan rinjayi abin da ke cikin fayil. Bugu da ƙari tana da tuni, in ka sauya wani abu kana cikin tafiya takan ajiye shi ta dawo maka da shi gobe, ko da kai ka manta. Ni na fi son fayil ɗin, saboda dalilin da ya sa ɗan jarida ya fi son takarda bisa ga jita-jita. Abin da ke rubuce ana iya karanta shi a san mai shi.

Na kuwa karanta na yaron. Kano ya zaɓa, wannan ya yi daidai. Sa'an nan --timeofday=noon, watau kullum tsakar rana. Iska sifiri. Labarin yanayi na gaskiya a rufe. Mai a daskare, ma'ana tanki ba ya raguwa ko da za a kwana ana tafiya. Inji kuma da maɓalli ɗaya yake tashe shi. A cikin wannan duniya da ya gina wa kansa, wallahi, gwani ne. Na ga ya sauke jirgin nan sau goma a jere kamar ana ajiye ƙwai a faifai, kowane karo yana waiwayo ni yana murmushi. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai wata duniya dabam a bayan layukan nan biyar.

Akwai na shida wanda ya fi duk sauran damuna, shi ne --enable-auto-coordination. Bari in yi bayaninsa, domin a nan ne ƙarya ta fi ɓuya. Jirgi da hannu da ƙafa ake tuƙa shi. Hannu shi ke karkata fukafukai, ƙafa kuwa ita ke taka feda biyu masu juya wani faifai da ke tsaye a jela, su ne kuma ke juya tayar gaba sa'ad da jirgi ke bisa ƙasa. Wanda ya murɗa sitiyarin Cessna a ƙasa yana so ta yi kwana kamar mota, zai ga ta miƙe abinta. Har wa yau, in aka ba injin wuta domin tashi, iskar da farfela ke murɗawa takan nannaɗe jikin jirgin ta doki jelarsa ta gefen hagu, sai hancin ya nemi kaucewa hagu, tilas matuƙi ya danne fedar dama. Layin nan na shida abin da yake yi shi ne ya ɗaure ƙafa a jikin hannu, duk inda hannu ya yi ƙafa ta bi shi da kanta. A sararin sama cikin lumana ba ka gane illarsa. Amma ran da iska ta buso ta gefe lokacin sauka, dole ne hannu ya sunkuyar da fiffike wajen iskar, ƙafa kuma ta taka ɗaya gefen domin hanci ya tsaya sak a kan titi, watau hannu da ƙafa su saɓa wa juna. Wanda aka ɗaure masa su wuri guda ba shi da yadda zai yi wannan, ba zai ma san ana yi ba.

Da na yi masa wannan magana sai ya ce, "Baffa, ai ba ni da fedar. Da me zan taka?" Gaskiyarsa kuwa, domin fedar kwamfuta kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Muka tafi kasuwar kwamfuta ta Ikeja muka samo tsohuwar sandar tuƙi irin wadda ake murɗa wuyanta hagu da dama, murɗawar ta tsaya a madadin ƙafa. Ba ta kai feda ba, amma dai ta raba abin da aka ɗaure. Na goge layin, na rubuta --runway=06 da --wind=330@15. Lambar titin jirgi kusurwar da ya fuskanta ce, 06 yana nufin wajen digiri 60, arewa maso gabas ke nan, inda iskar hunturu ke fitowa. Iska daga digiri 330 kuwa ta gefen hagu sak za ta doke shi, ƙarfinta not 15, shi kuwa not ɗaya kilomita 1.852 ne a sa'a. Ban zaɓi 15 da ka ba, ita ce iyakar iskar gefe da littafin jirgin ya ce an gwada shi da ita. A wannan dare sau bakwai ya gwada, sau bakwai yana ƙarewa cikin ciyawa. Ya yi shiru, ya ce wai sandar ce ba ta da kyau. Ban tanka masa ba. Da na farka da asuba na tarar da shi a kai.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk wani sassauci haram ne a wurina. Kwamfutar yaron tsohuwa ce, in aka ɗora mata gajimare masu kauri da inuwa da dubban itatuwa da sauran jiragen da ke kai da kawowa, sai hoto ya riƙa tsalle, kuma in hoto ya kasa sauyawa sau 20 ko 30 a daƙiƙa ba mai iya sauka da kyau. Duk waɗannan mun kashe su ba tare da wata damuwa ba, domin sauƙi ne aka yi wa na'ura. Wanda nake ja da shi shi ne sauƙin da ake yi wa matuƙi. Ko shi ma yana da ranarsa, ba a fara koya wa yaro iyo a tsakiyar Kwara. Abin da ba shi da kyau shi ne a shekara biyu a bakin gaɓa ana kiran kai sarkin ruwa.

Ɗauki maganar mai. Tankin wannan jirgi galan 40 yake ba da wa inji, yakan kuma sha wajen galan 8 a sa'a, watau sa'a biyar ke nan. Daga Ikko zuwa Kano a miƙe wajen kilomita 830 ne. In jirgin yana yin not 110 ba iska, sa'a huɗu da 'yan mintoci sun isa. In kuwa iskar hunturu mai not 20 ta tare shi ta gaba, gudunsa bisa ƙasa ya koma 90, tafiyar ta zama ta sa'a biyar cif, tanki ya ƙafe daidai lokacin da ake hango Kano. Mai daskararren tanki ba zai taɓa zama ya yi wannan lissafi ba, balle ya yi tunanin ya ya da zango a Abuja ko Kaduna.

Sai zafi. In ba a gaya wa manhajar kome ba, takan ɗauki iskar da masana suka yi ittifaƙi a kanta domin awo, mai digiri 15 a bakin teku. Kano kuwa tana bisa teku da ƙafa 1,560 da ɗoriya, kuma a watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin dafawa sosai, inji ma ba ya samun abin shaƙa. In aka yi lissafi, jirgin da ke tsaye a Kano a irin wannan rana ji yake kamar yana bisa dutse mai ƙafa kusan 5,000, kuma gudun da zai yi a ƙasa kafin ya ɗaga yakan ƙaru da fiye da sulusi. Hanyar da ta fi sauƙi a shigo da wannan duka ita ce a buɗe wa manhajar ƙofar labarin yanayi na gaskiya. Manyan filayen jirgi sukan fitar da wani gajeren rahoto da ake kira METAR kowace sa'a ko rabin sa'a, ita kuma takan ɗauko shi ta intanet ta shimfiɗa maka shi a gabanka. Ana kuma iya rubuta mata shi da hannu. In ka ga 06012KT 0800 DU, ma'anarsa iska daga digiri 60 mai not 12, ido ba ya wuce mita 800, dalili kuwa ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a Arewa ya san wannan rana, ranar da ake duban rana tsirara kamar farin faranti. Ƙa'idar duniya kuwa ta ce mai tuƙi da ido a ƙasa-ƙasa yana bukatar ya ga kilomita 5. Wani abin mamaki, tsohuwar kwamfutar nan ta fi sakewa a ranar ƙura, da yake ba ta da abin zanawa mai nisa.

Damina ma da nata. Ran 24 ga Yuni 1956 wani jirgin fasinja na kamfanin BOAC ya tashi daga Kano za shi Ingila, hadari na gabatowa. Yana ɗagawa iskar da ke gabansa ta juye ta koma bayansa farat ɗaya, gudunsa ya zube, ya kasa hawa, ya doki itace. Mutum 32 suka rasu cikin 45. Shekara 31 ke nan kacal bayan jiragen farko, guda uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar, sun sauka a Kano a 1925. Yanayin garin nan yana da tarihinsa da jirage, kuma yaron da ke so ya ci abinci a sararinsa bai kamata ya san shi da tsakar rana mai lumana kaɗai ba.

Daga nan muka koma kan maɓallin nan mai tashe inji. Cessna ta cikin FlightGear an yi mata aiki ƙwarai, ana iya sa ta fara a mace kamar yadda ake tarar da jirgi da safe, da waigi a taya, da igiyoyi ɗaure da fukafukai, da murfi a bakin ɗan bututun da ke auna gudu, har ma ana iya yarda ruwa ya shiga mai, sai an tsiyaya an duba. Yaron ya ce wannan ɓata lokaci ne, shi tuƙi ya zo koyo. Na ba shi labari biyu. Ran 30 ga Oktoba 1935, a Ohayo ta Amurka, ƙwararrun matuƙa suka tashi da sabon jirgin yaƙi na Boeing ba su cire sakatar da ke riƙe jelarsa ba, ya miƙe sama ya faɗo, biyu suka mutu. Daga nan aka fara rubuta takardar dubawa wadda matuƙi ke bi layi layi kome ƙwarewarsa. Ran 2 ga Oktoba 1996 kuma wani Boeing 757 ya tashi daga Lima ta ƙasar Peru da dare, ashe an bar salatif manne a kan 'yan ramukan da agogunan gudu da na bisa ke shaƙar iska ta ciki. Agogunan suka yi ta faɗin ƙarya, jirgin ya faɗa teku da mutum 70.

Sa'an nan na koma kan teburin malami irin na zamanin Link. Akwai umurnin da ke lalata wani ɓangare na jirgi tun kafin a tashi. Nakan tashe manhajar da kaina in rubuta --failure=vacuum ba tare da ya gani ba, sa'an nan in kira shi. Wannan yakan kashe famfon da ke juya agogon da ke nuna wa matuƙi ko jirgi a miƙe yake ko a karkace. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni a gefe wanda ke tona asirin haka, kuma duba shi yana cikin takardar dubawa kafin a hau titi. Karo na farko da na biyu ya tashi abinsa, sai da ya yi nisa ya lura. Ban yi masa faɗa ba, na dai nuna masa layin da ya tsallake. Wani dare cikin mako na biyar, na shirya masa irin wannan tarko, ya zauna ya bi takardarsa, ya ba inji wuta yana duban agogunan, can sai na ga ya mayar da totur, ya kashe inji, ya cire hannunsa. Ya ce, "Baffa, wannan jirgin ba zai tashi yau ba." Bayan kwana uku kuma, da rahoton Kano ya zo da ƙura, ya karanta ya ce shi ba shi da izinin tashi a haka, zai jira. Na fi jin daɗin waɗannan ranaku biyu bisa ga saukar nan goma da ya yi mini a farko.

Duk da haka akwai iyakar abin da tebur ke iya nunawa. A 1954 Jami'ar Ilinoi ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da agogo kaɗai ba, aka rufe musu ganin waje a cikin jirgi na gaskiya, dukansu jirgin ya ƙwace musu, a matsakaicin lissafi cikin daƙiƙa 178. Abin da ke jawo haka cikin kunnen mutum yake, jiki ya rantse maka a miƙe kake alhali kuwa kana karkace. Kujerar ɗakina ba ta motsi, saboda haka ba layin da zan rubuta wanda zai sa yaron ya ji wannan ruɗu, ko ya ji tsoron da ke zuwa tare da shi. In ya faɗi, sai ya sake kunnawa. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar sauka, sai ya yi tsaki ya tafi ya sha ruwa.

Haka na gaya wa yayana sa'ad da ya sake bugowa. Na ce, "Yaya, sa'o'in da ya yi a ɗaki ba hukumar da za ta lissafa masa ko ɗaya. Lasin na farko sa'a 40 yake bukata, a ciki ba a yarda da fiye da 5 a na'ura ba, ita ma sai wadda hukuma ta amince da ita, na sana'a kuwa ya ninka wannan sau da yawa. Ko zai iya jirgi na gaskiya, malaman Zariya ne za su faɗa. Abin da na gani da idona shi ne, da aka tsananta masa bai gudu ba, kuma ya koyi cewa a'a." Na kuma roƙe shi kada a kira dillali tukuna, a fara kai yaron wurin likitan da hukumar jiragen sama ta yarda da shi a gwada idonsa da kunnensa da zuciyarsa, musamman rarrabe launi, domin wanda bai haye wannan ba ko gona goma aka sayar aikin fasinja ya fi ƙarfinsa. Yayana ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, can ya ce to, a bari a noma ta bana a gani.

Yaron ya koma gida da fayil ɗinsa, yanzu layi goma sha huɗu ne a ciki, uku daga ciki ba ni na rubuta su ba. A makon jiya ya aiko mini da saƙo cewa ya koma DNJO, watau filin Jos da ke Haifan, wanda ke bisa teku da fiye da ƙafa 4,000, ya sa tsakar ranar Afrilu, ya cika tanki, ya ɗora manya huɗu. Da ya haɗa nauyin ya ga ya haura laba 2,400 da littafin ya yarda, sai ya sauke fasinja ɗaya. Ya ce in yi haƙuri, ni ne ya bari a ƙasa.